Ranar da mai bita bai zo ba: nazarin wata bitar malamai a Daura

Asalin lamarin

Makarantar firamare ce ta al'umma a cikin garin Daura, wadda iyaye da wasu 'yan kasuwar unguwa suka kafa, su ne kuma ke ɗauke da nauyinta. Tana da malamai 14. Ba za a ambaci sunanta ba, haka ma sunayen waɗanda abin ya shafa. Wadda nauyin ya faɗo wa ita ce mataimakiyar hedimasta, mai shaidar NCE, wadda ta shekara 11 tana koyar da aji biyu da aji uku kafin a ba ta wannan kujera. Ni na riƙe rajistar mahalarta a ranar, na kuma rubuta abin da ya gudana sa'a bayan sa'a. Daga wannan rubutun ne, da abin da na bi diddigi daga baya, na haɗa wannan bayani.

Abin da ya haifar da bitar ya fito fili ne a watan Yuli, ana makin jarrabawar zango na uku. A aji huɗu aka yi ta cin karo da takardun da yaro ya kwafe tambayar kanta ya zuba a gurbin amsa, da rubutu mai kyau kamar an buga. Malamin ajin ya ce ganganci ne. Mataimakiyar ta kira uku daga cikin yaran ofis, ta miƙa musu takardunsu ta ce su karanta mata abin da suka rubuta da hannunsu. Ko ɗaya bai iya ba.

A baya, tsarin ilimi na ƙasa ya yi shekaru da dama yana tanadin cewa a shekaru ukun farko na firamare a koyar da yaro da harshen yankinsa, Turanci ya karɓa daga aji huɗu. Yaron da ya bar aji uku bai iya karanta Hausa ba, sai ya shiga aji huɗu da kaya biyu a ka: bai iya karatu ba, bai kuma ji harshen da ake karatun da shi ba. Abin da ya rage masa shi ne kwafa daga allo, kuma a nan ya ƙware.

Shirin farko, ƙarshen Yuli

Kwamitin makarantar ya amince a ware wuni ɗaya cikin dogon hutu. Aka tsayar da wata Talata a tsakiyar Agusta, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 4 na yamma. Aka gayyaci makarantu biyu na maƙwabta, ɗaya ta gwamnati ɗaya mai zaman kanta, jimillar malamai 34. Mai bitar malami ne a wata kwalejin ilimi, mazaunin Kano. Zai biyo hanyar Kazaure da asuba, da majiginsa da kwamfutarsa da takardun shaidar da zai sa wa hannu. Da safe koyar da karatu, bayan azahar koyar da lissafi.

An ba shi rabin kuɗinsa. An ware wa kowane malami naira 2,000 kuɗin mota, an biya mai abinci, an sayi fetur lita 10 na janareta, wanda tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ya zama abin da sai kwamiti ya zauna a kansa. An sayi kwali 20, alƙalamin maka 12 da almakashi huɗu.

Mataimakiyar ta yi wasu abubuwa biyu a wannan mataki. Ta raba fom, kowane malami ya rubuta ajin da yake koyarwa, shekarunsa a aiki, da duk wata horaswa da ya taɓa halarta. Ta kuma yi fotokofin wata takardar gwajin karatu guda 40, domin mai bitar ya ce zai nuna yadda ake amfani da ita.

Daren Litinin

Ƙarfe 9:40 mai bitar ya kira. Mahaifiyarsa ta rasu bayan magariba, za a yi jana'iza da safe. Mataimakiyar ta yi masa ta'aziyya, ba ta ɗauko zancen bita ba. Shi da kansa ya ce zai turo mata abin da ya shirya ta WhatsApp. Wajen ƙarfe 11 saƙon ya shigo, shafi 64 cikin Turanci.

Ta kira hedimasta. Ya ce, "Malama, a ɗaga kawai." Ta ce, "Ranka ya daɗe, an riga an yi cefane, an jiƙa waken ƙosai. Rabin mutanen nan suna ƙauye wajen gona, ba lallai saƙo ya same su cikin daren nan ba. In kuma kuɗin nan suka tafi a banza, kwamiti ba zai sake ba da wasu bana ba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Allah shi taimaka. Abin da kika gani."

Safiyar Talata, zuwa 9:50

Watan marka ne. Ruwa ya sauko tun kafin asuba, bai tsagaita ba sai wajen 8:30. Babban ɗakin da aka shirya yana yoyo ta wuri uku, sai aka koma aji shida, manya suka matsu a kan bencin yara. Ƙarfe 9 mutum 11 ne a rajista. Zuwa 9:45 sun kai 26. Babu wuta, janareta kuma ba shi da amfani tunda majigin yana Kano.

Wani dattijo mai koyar da addini ya buɗe taro da addu'a, aka yi wa mamaciyar addu'a. Da mataimakiyar ta bayyana halin da ake ciki, ɗakin ya ɗauki ƙus-ƙus. Tambayar farko da aka yi mata ita ce, "To satifiket fa, Malama?" Ta ce za a zo kan wannan kafin a tashi.

Yunƙuri na farko, 9:50 zuwa 10:35

Ta tura shafukan mai bitar cikin zauren WhatsApp da aka buɗe don taron. Mutum 15 ne ke da babbar waya, tara suka iya saukewa. Aka haɗa kai uku-uku a kan waya ɗaya, ita kuma tana karantawa daga tata tana fassarawa. Yawancin shafukan kanun magana ne, layi uku ko huɗu, wani wurin ma hoto ne kawai da kalma ɗaya a ƙasa. Inda ta fahimci manufa ta yi bayani, inda ba ta fahimta ba ta karanta ta wuce. Cikin minti 45 aka kai shafi na 13. A daidai lokacin na ƙirga mutum bakwai suna wani abin daban a waya, biyu suna gyangyaɗi, 'yan bencin baya kuma suna zancen tsadar taki. Ta ajiye wayar.

Yunƙuri na biyu, 10:35 zuwa 11:05

Ta ce tunda kowa malami ne, kowa ya faɗi matsalar da yake fuskanta a aji, a tattauna. Nan take ɗakin ya farka. Aka kawo albashi, aka kawo ƙarin girman da ya maƙale, aji mai yara sama da 90, rufin da iska ta yaye, iyayen da ke janye yara zuwa gona ko talla. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Sai wani malamin makaranta mai zaman kanta ya ce malaman gwamnati ba sa zama a aji, ɗaya daga cikinsu ya mayar masa da cewa gara su da masu ba yaro makin da bai ci ba don kada uba ya cire shi. Da ƙyar dattijon ya kashe wutar. Mutum uku suka nemi uzuri, suka ce sun bar 'yan ƙwadago a gona. Saura 23. Maganar yaron da ke kwafe tambaya kuwa ba wanda ya taɓo ta.

Hutun shayi, 11:05 zuwa 11:30

Mataimakiyar ba ta sha shayi ba. Ta shiga ofis da fom ɗin nan tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. A ciki ta ga wata malamar aji ɗaya daga makarantar gwamnati ta rubuta cewa ta samu horon RANA, wato shirin karatu da lissafi da aka fara a jihohin Katsina da Zamfara a 2015 ƙarƙashin aikin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF, wanda ya horar da malaman ƙananan azuzuwa kan koyar da karatu da Hausa. Dattijon nan kuma, a gurbin horaswa, ya rubuta cewa ya shekara 30 da makarantar allo a zaurensa.

Da ta fito sai ta ga yara a baranda. 'Yan darasin hutu ne su 14, waɗanda saƙon cewa yau babu darasi bai kai gidajensu ba, ruwa kuma ya tsare su. Duk sun gama aji uku ko aji huɗu a makarantar.

Ta ja malamar gefe ta ce, "Malama, don Allah ki fitar da ni kunya." Ita kuwa ta ce ba ta iya tsayawa gaban manya ta yi lacca. Mataimakiyar ta ce, "Ba lacca za ki yi ba. Yara za ki koya wa kamar kullum, mu muna gefe muna kallo." Ta yarda, bisa sharaɗin a ba ta minti 20 kacal.

Gwajin karatu, 11:30 zuwa 1:15

Takardar gwajin shafi ɗaya ce, a kan salon da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da shi, wanda ake binciken karatun yara da shi gida-gida a can tun 2005. A ainihinsa matakai ne: yaron da bai gane harafi ba, mai gane harafi, mai karanta kalma, mai karanta gajeren sakin layi, da mai karanta ɗan labari. A ta Hausa an saka matakin gaɓa tsakanin harafi da kalma, tunda da gaɓa ake gina karatun Hausa. Ana farawa daga sakin layi. In yaro ya iya a hau zuwa labari, in ya kasa a sauko zuwa kalma, haka har ƙasa. A matakin kalma ko harafi ana ba shi biyar, in ya kawo huɗu ya wuce.

Kafin a kira yaran, mataimakiyar ta ce malamai biyar ɗin da suka koyar da su a shekarar kowa ya rubuta matakin da yake zaton kowane ɗalibinsa yake, ya ninke takardar ya ba ni. Sannan ta rubuta dokoki a allo: ba tsawa, ba gyara, ba taimako, kada a bar yaro ya ji kamar ya faɗi. Aka gaya wa yaran ba jarrabawa ba ce, aka ba kowa ƙosai. Malamai suka rabu biyu-biyu cikin azuzuwa uku, ɗaya na gwaji ɗaya na rubutu.

Dokar da ta fi wuya ita ce ta rashin taimako. Malami yana ganin yaro ya cije a kan kalma, sai bakinsa ya fara raɗa gaɓar farko ba tare da ya sani ba. Sau huɗu aka sake gwaji saboda haka. Wani malami ya riƙe bakinsa da hannu har aka gama.

Abin da aka gani ya fi abin da takarda ke iya ɗauka. Akwai yaran da za su rera ba, be, bi, bo, bu a jere ba tuntuɓe, amma in aka nuna musu "bo" ita kaɗai sai su koma farko suna rerawa a hankali har su iso ta. Akwai masu kiran harafi da sunansa na Turanci, su ce "bi", su ce "e", sannan su rasa yadda za a yi waɗannan biyun su ba da "ba". Haruffa masu lanƙwasa sun kayar da kusan kowa: baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa, ɓari ya zama bari. Tagwayen baƙaƙe irin su "ts" da "sh" kuwa, wasu raba su suke yi gida biyu. Wani yaro ya dubi kalmar "makaranta", ya ga "ma", ya ce "malam" da ƙarfin gwiwa, ya ɗago yana jiran yabo.

Sakamakon yara 14: biyu ba su kai matakin harafi ba, huɗu suna harafi, uku gaɓa, uku kalma, ɗaya sakin layi, ɗaya labari. Ya kamata a tuna cewa 'yan darasin hutu ne, wataƙila wasunsu an kawo su ne don an ga suna baya, don haka ba su ne ma'aunin dukan makarantar ba.

Sannan na buɗe takardun zato. An dace a yara biyar. An ɗaga takwas sama da inda suke. An saukar da ɗaya, wata yarinya mai zama a bencin baya da ba ta ɗaga hannu, wadda aka rubuta mata "gaɓa", alhali ita ce ta karanta labarin har ƙarshe. Cikin waɗanda aka ɗaga har da monitan aji huɗu, mai muryar da ta fi ta kowa in ana maimaita karatu tare. An rubuta masa "labari", ya tsaya a harafi. Malaminsa, wanda a watan Yuli ya ce ganganci ne, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Wallahi na ɗauka yana karantawa."

Azahar da abinci, 1:15 zuwa 2:15

Aka sallami yara takwas. Aka kira iyayen shida da ke ƙananan matakai, suka yarda su tsaya, aka ci dafa-duka da su. Bayan salla na sake ƙirga malamai, 23 ɗin suna nan.

Darasin nuni, 2:15 zuwa 3:00

Malamar ta zaunar da yaran shida a tabarma, malamai suka zagaye. Ba ta ambaci sunan harafi ba sam. Ta rufe leɓe ta fitar da sautin "m", ta ce su faɗi abubuwan da ke farawa da shi, suka kawo mota, masara, mangwaro. Suka rubuta shi a iska, suka fita suka rubuta a jiƙaƙƙen yashi. Ta haɗa shi da "a", ta ƙaro "n" da "k" ta hanya ɗaya. Kowane mataki ita ke fara yi, sannan su yi tare, sannan kowane yaro ya yi shi kaɗai. Ta yanka ƙananan kwalaye ta rubuta ma, na, ka, tana cakuɗa su don kada a rera. Kafin minti 20 su cika, huɗu daga cikin shida sun haɗa "nama" da "kama" da hannunsu sun karanta. Biyu ba su kai ba, ta kuma faɗi haka a fili.

Wani malami ya ce wannan duk tsarin Turawa ne da aka shigo da shi, kuma ba zai yiwu a aji mai yara 90 ba. Sai dattijon ya gyara zama. Ya ce shi bai ga baƙon abu ba. A makarantar allo ana fara wa yaro da babbaƙu, ya san baƙaƙe tsirararsu, sannan a shiga farfaru a sa musu wasali. Ba a wanke wa yaro allo sai ya kawo karatunsa shi kaɗai a gaban malam, komai ƙarfin muryarsa cikin taro. A zaure ɗaya kuma za ka ga mai babbaƙu da mai izu goma, kowa da inda yake, ba wanda ya ce don shekarunsu ɗaya sai allonsu ya zama ɗaya. Ya juya ga mai ƙorafin ya ce, "Ɗana, ni ma yara 70 gare ni, kuma ni kaɗai ne. Manyan ke biya wa ƙanana." Ya ƙara da cewa abin da ya ga boko ta yi shi ne ta riƙe maimaitawa cikin taro, ta yar da biyawa ɗaya-ɗaya.

Wannan magana ba ta kai minti biyar ba. Daga nan tambayoyin suka sauya, aka koma tambayar yadda za a raba yara, da wa zai riƙe wane rukuni, da ƙarfe nawa.

Yankan kati, 3:00 zuwa 3:45

Kwali 20 bai isa ba, aka aika maigadi ya karɓo katan-katan na taliya a shagon bakin titi. Kowace makaranta ta yanka katunan wasula biyar, baƙaƙe har da masu lanƙwasa da tagwaye, da gaɓoɓi. A nan aka gano cewa malamai da dama su ma ba sa sa lanƙwasa, sabon rubutun waya ya bi hannunsu. Mataimakiyar ba ta nuna kowa ba, ta dai rubuta ɓ, ɗ, ƙ da 'y manya a allo ta ce kowace makaranta ta sake duba katunanta. An so kowane malami ya gwada darasin na minti biyar, lokaci ya ba mutum huɗu kawai. Lissafi ba a taɓa shi ba.

Rufewa, 3:45 zuwa 4:05

Aka rubuta alƙawari uku a allo: a gwada dukan 'yan aji uku cikin mako biyun farko na komawa, a ware minti 30 kowace safiya daga Litinin zuwa Alhamis ana karatu bisa mataki, a sake haɗuwa Asabar ta ƙarshen Oktoba.

Sai maganar satifiket. Ba son takarda kawai ba ne. Malami na buƙatar shaidar horaswa a fayil ɗinsa, kuma hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, tana neman malami ya riƙa halartar horaswa a kai a kai. Hedimasta ya ce abin da zai iya bayarwa shi ne takardar halarta mai hatimin makaranta. Mutum biyu suka ƙi karɓa, ɗayansu ya ce an ɓata masa wuni. Aka raba kuɗin mota, aka tashi don la'asar.

Satumba zuwa Disamba

Makarantar da ta shirya taron ta gwada 'yan aji uku su 112. Aka sami 61 da ba su kai matakin kalma ba. Aka fara rabon rukuni bayan taron safe. Makonni ukun farko sun zo da rikici, domin an kira rukunonin na ɗaya, na biyu, na uku, wasu iyaye suka zo suna tambayar dalilin da aka mayar da ɗansu na uku. Aka sauya sunayen zuwa Kuka, Tsamiya da Darbejiya, ƙorafin ya lafa. A Oktoba aikin girbi ya janye yara da yawa.

A mako na 11 aka sake gwaji. Cikin 61 ɗin nan an samu 50. Daga ciki 23 sun kai matakin kalma ko sun wuce, 27 ba su kai ba, kodayake 16 daga cikinsu sun hau mataki ɗaya. Babu wani ajin da aka bari a gefe don kwatantawa, kuma yaro kan ci gaba cikin zango ko ba a sauya komai ba, saboda haka ba za a jingina dukan wannan ga bitar ba.

A makarantar gwamnati, malamar nan da abokiyar aikinta ɗaya suka ci gaba a azuzuwansu. Sauran sun ce babu ɗakin da za a raba yara, kuma gaskiya ne babu. Makaranta mai zaman kanta ta yi gwajin, mai makarantar ya ga sakamako ya ce kada iyaye su ji, aka tsaya a nan. Taron Oktoba mutum 12 suka zo cikin 23. A Nuwamba mai bitar ya zo wata Asabar ya yi rabin wuni a kan lissafi, bai karɓi ƙarin kuɗi ba, ya kuma kawo takardun shaida. Da aka ba shi labarin abin da ya faru, ya nemi a kawo masa yara shi ma.

Abin da nake gani

Yunƙurin farko ya faɗi ne don shafukan nan ƙashi ne, naman yana bakin mai su. An yi ƙoƙarin riƙe jadawalin da aka tsara bayan wanda zai rayar da shi ba ya nan. Na biyu ya faɗi don tambayar ta yi faɗi da yawa, ta buɗe ƙofar abubuwan da babu wanda ke cikin ɗakin da ke da ikon gyara su. Ban ga laifin malaman ba. Mutumin da ya baro gonarsa cikin ruwa ya zo, in aka ce ya faɗi damuwarsa, abin da ke cin sa zai faɗa.

Abin da ya juya ranar, a ganina, shi ne takardar zato. Da an kawo sakamakon yara 14 daga wani wuri an karanta, da kowa ya ce ai ba nasa ba ne. Amma mutum ya rubuta da hannunsa, ya zauna da yaron, ya ji da kunnensa. Bayan wannan babu sauran gardama kan ko akwai matsala, sai neman mafita, kuma mafitar ta fito daga bakin mutum biyu da ke zaune a benci ɗaya da kowa. Maganar dattijon ta yi aikin da ban tsammanin wani baƙo zai iya yi ba, domin ta nuna wa malamai cewa sun san abin tun suna riƙe da allo.

Ana iya cewa dabara ce ta nan take, amma ba daga iska ta faɗo ba. Fom ɗin da aka raba tun Yuli shi ya tono malamar da dattijon, takardun gwaji kuma suna cikin durowa. Sa'a ita ce yaran da ruwa ya tsare. Ba don su ba, sai an shiga unguwa nema, kuma ban tabbata lokaci zai bari ba.

Akwai kuskure biyu da ba zan rufe ba. An gwada yara 14 kafin a nemi izinin iyayensu, alhali kiran waya na minti goma ya isa, kamar yadda aka yi wa shida daga baya. Sannan an buɗe takardun zato da sunayen malamai a gaban baƙi. Ni na karanta su, kuma da na sakaya sunayen, darasin zai shiga ba tare da an kunyata kowa ba. Ɗaya daga cikin biyar ɗin ya yi makonni yana gaisawa da mataimakiyar sama-sama, shi ne kuma na ƙarshe da ya karɓi rukuni.

Ko da an ɗaga, da ya fi? Ban ga haka ba, domin gwajin Satumba da ba a yi shi ba. Amma rashin mai bitar ya yi tsada: lissafi ya jira wata uku, malamai 19 kuma sun koma aji ba su taɓa gwada darasin a gaban kowa ba, abin da ya bayyana a makonnin farko, inda wasu suka koma rera ba, be, bi da kati a hannu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yara 11 da ba a samu ba ranar gwaji na biyu. Suna cikin waɗanda suka fi kowa buƙata, bakwai daga cikinsu mata ne. Mataimakiyar ta rubuta sunayensu ta kai wa mai unguwa a makon ƙarshe na zango. Zuwa lokacin da na rufe wannan rubutu, huɗu sun dawo.